Bakin Kurmi: Ɓarnar da Ke Ci Gaba Bayan An Ajiye Gatari

Duk shekara hukumomi da ƙungiyoyin kare muhalli kan fitar da alƙaluman dazuzzukan duniya, kuma kusan kullum lissafin iri ɗaya ne: hekta kaza aka sare, hekta kaza ta rage. Mai karatu kan ɗauka cewa abin da ya rage ɗin yana nan lafiya lau, tunda gatari bai taɓa shi ba. Binciken da aka shafe fiye da shekara 40 ana yi a kurmin Amazon ya nuna akwai gyara a wannan zato. Idan aka yanka kurmi gunduwa-gunduwa, aka bar tsirarun bishiyoyi a tsakiyar gonaki da wuraren kiwo, kowace gunduwa kan fara lalacewa daga bakinta, ɓarnar ta riƙa kutsawa ciki shekara bayan shekara ko da ba wanda ya sake ɗaga gatari. Saboda haka ƙidayar hekta kaɗai ba ta isa a ce an san halin da daji yake ciki ba. Sai an san siffar abin da ya rage, da nisan ƙuryarsa daga baki, da kuma abin da ke kewaye da shi. Duk dokar gandun daji ko shirin raya ƙasa da ya manta da waɗannan abubuwa uku yana kare daji ne a takarda, alhali a ƙasa dajin na mutuwa a tsaye.

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan magana ta fito ne daga wani wuri mai nisan kimanin kilomita 80 arewa da birnin Manawus a ƙasar Burazil. A shekarar 1979 masanin halittu ɗan Amurka Thomas Lovejoy, tare da cibiyar binciken Amazon ta gwamnatin Burazil, suka fara wani gwaji da har yau ake ci gaba da shi. A lokacin dokar ƙasar ta wajabta wa mai fili a Amazon ya bar rabin filinsa a matsayin daji. Sai Lovejoy ya shawo kan masu buɗe gonakin kiwon shanu su bar nasu rabin bisa tsarin da masu bincike suka zana, wato gunduwoyi masu kusurwa huɗu na hekta 1 da hekta 10 da hekta 100. Abin da ya bambanta wannan aiki da sauran shi ne tun kafin a sare kewayen, an riga an shiga an ƙidaya bishiyoyi, an auna kaurin kowace, an rataya mata lamba, an kuma yi haka a cikin kurmin da ba a taɓa ba domin a samu abin kwatance. Kurmin wurin mai yawan iri ne ƙwarai, domin a hekta guda ana iya samun nau'in bishiya wajen 280. Da aka sare kewayen, sai aka riƙa komawa ana duba lambobin nan: wace ta mutu, wace ta girma, wace sabuwa ta tsiro. Da farko abin da ake son sani shi ne girman da ya kamata gandun daji ya kai kafin ya iya riƙe halittunsa. Amma da shekaru suka tafi, sai ta bayyana cewa yawancin sauyin da ake gani yana bin nisan wuri daga bakin daji ne.

Domin a gane dalili, sai an san yadda cikin kurmi yake. Rassan manyan bishiyoyi sun haɗe a sama sun yi rumfa, hasken rana ɗan kaɗan ne ke isa ƙasa, iska ba ta kaɗawa, ganyen da ya zuba kullum a jiƙe yake yana ruɓewa. Bishiyoyin da ke wurin da irinsu da tsironsu duk sun saba da wannan inuwa da laima tun fil azal. Ranar da aka sare gefe guda aka mayar da shi fili, rana takan shigo ta kaikaice safe da yamma, busasshiyar iskar fili ta riƙa ratsowa, zafi ya ƙaru, ƙasa ta bushe. Awon da aka yi a Manawus ya nuna wannan sauyin zafi da laima yana kaiwa mita gommai zuwa ciki. Wanda ya tsaya a sabon baki zai ga bishiyoyi sun zubar da ganye ba lokacinsa ba, wasu sun bushe a tsaye ba tare da ko sara ɗaya a jikinsu ba, ganyen ƙasa kuma ya bushe har yana ƙara idan an taka. Iska ta fi rana nisan zango. Guguwar da a da take wucewa ta saman rumfar kurmi yanzu takan taho a guje ta fili ta bugi bangon bishiyoyi, ta karya rassa, ta tumɓuke waɗanda saiwarsu ba ta yi zurfi ba, kuma an ga alamar wannan ɓarna har mita 300 ko fiye daga baki. Kowace bishiyar da ta faɗi takan danne na kusa da ita, ta buɗe wata sabuwar kafa da rana da iska za su bi.

Manyan bishiyoyi su ne suka fi jin jiki. Su ne suka fi tsawo, don haka su iska ke fara bugu. Gangar jikinsu ta yi kauri ba ta lanƙwasawa, sai dai ta karye. Kuma jawo ruwa daga ƙasa zuwa ƙololuwar mita 30 ko 40 aiki ne mai wuya idan fari ya matsa. Mai bincike William Laurance da abokan aikinsa sun ba da rahoto a shekarar 2000 cewa bishiyoyin da kaurinsu ya haura santimita 60 suna mutuwa kusan ninki uku a cikin mita 300 na bakin daji idan aka kwatanta da na ƙurya. Kafin nan, a 1997, sun nuna cewa wuraren da ke cikin mita 100 na baki sun yi asarar abin da ya kai kashi 36 cikin 100 na nauyin itacensu a cikin shekara 10 zuwa 17 na farko. Ga kuma tsire-tsire masu yaɗo, waɗanda ke son haske da wurin da aka tada. A bakin daji sukan yawaita, su nannaɗe bishiya har sama, su rufe mata ganye, su yi gasar ruwa da ita a ƙasa, su ƙara mata nauyin da zai sa iska ta kayar da ita. Girman wannan asara ba ya bayyana sai an tuna shekarun waɗannan bishiyoyi. Awon da aka yi wa wasu manyan itatuwan yankin Manawus ya nuna akwai waɗanda suka haura shekara 1,000. Abin da ya ɗauki wannan tsawon zamani yana girma, shekara goma a bakin fili kan gama da shi.

Wurin da babbar bishiya ta faɗi ba ya zama fili. Nan da nan wasu bishiyoyi masu son rana kan cike shi, kamar sekropiya, mai faffaɗan ganye da gangar jiki mai rami a ciki wadda tururuwa ke zama a cikinta. Irin waɗannan suna girma da sauri, itacensu ba nauyi, ransu gajere ne, irinsu ƙanana ne da iska da jemagu da ƙananan tsuntsaye ke bazawa ko'ina. Waɗanda ke ja da baya su ne masu jinkirin girma, masu itace mai tauri, masu manyan 'ya'ya da sai babban tsuntsu ko biri ne ke iya haɗiye su ya kai su nesa. Waɗannan dabbobi kuwa su ne ke fara ɓacewa daga ƙaramar gunduwa, ko don abinci bai ishe su ba, ko don mafarauci ya samu hanya. A kurmin gaɓar tekun Atilantika na Burazil an gano a 2013 cewa inda tsuntsaye masu manyan baki irin su tukan suka ƙare, ƙwallon wani nau'in giginyar kurmi ya ƙanƙance, domin ƙananan 'ya'yan kaɗai tsuntsayen da suka rage ke iya ɗauka. A tsaunukan Usambara na Tanzaniya ma an ga bishiyar da tsuntsayen da ke baza irinta suka ragu a ƙananan gunduwoyi, 'ya'yanta suka riƙa zubewa a gindinta suna lalacewa. Masu bincike a yankin gonakin rake na arewa maso gabashin Burazil, inda aka daɗe da yanka kurmi, sun tarar tsofaffin gunduwoyi sun koma kama da sabon dajin da ya tsiro a saura: nau'o'i kaɗan masu jure wahala sun mamaye ko'ina.

Lissafi mai sauƙi zai nuna dalilin da ya sa siffa ke da muhimmanci haka. Gunduwa mai hekta 1 mita 100 ce kowane gefe, don haka babu wurin da ya fi mita 50 nisa daga baki. Dukkanta baki ce. Mai hekta 100 kilomita guda ce kowane gefe. Idan ɓarna ta shiga mita 100 ta kowace fuska, hekta 64 ce ta rage lafiyayya. Idan aka yi lissafi da mita 300 da iska ke kaiwa, saura hekta 16 kacal. Amma gandu mai kilomita 10 kowane gefe, wato hekta 10,000, ko da mita 300 aka yi lissafi, kusan kashi 88 cikin 100 nasa yana nan. Yanzu a ce an ratsa waccan mai hekta 100 da hanya mai faɗin mita 20. A takardar ma'aikata, hekta 2 aka sare. A zahiri kuwa lafiyayyar ƙuryar ta sauko daga hekta 64 zuwa kimanin 46, wato an yi asarar wajen hekta 18, ninki tara na abin da aka rubuta. Haka nan daji mai tsawo siriri, ko mai baki a karkace kamar haƙoran zarto, ya fi dunƙulalle asara ko da girmansu ɗaya.

Wannan matsala ta wuce Amazon. Wani babban nazari da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa kashi 70 cikin 100 na dazuzzukan da suka rage a duniya suna cikin kilomita guda daga baki, kusan kashi 20 kuma suna cikin mita 100. A kurmin Atilantika na Burazil, fiye da kashi 80 cikin 100 na gunduwoyin da suka rage ba su kai hekta 50 ba. Wani nazarin na 2017, da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam, ya ƙiyasta cewa dazuzzukan yankuna masu zafi sun rarrabu zuwa gunduwa kusan miliyan 50, kuma mutuwar bishiyoyi a bakunansu tana sakin kabon da ya kai kimanin kashi 31 cikin 100 na abin da saran dajin kansa ke saki duk shekara. Sannan ga wuta. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma lafiyayyen kurmi da wuya ya ci wuta saboda laimarsa. Da zarar baki ya bushe, wutar da aka cinna don share gona ko sabunta ciyawar kiwo takan silale ciki. Ba ta da tsawo, sau da yawa ba ta wuce gwiwa, tafiyarta a hankali, amma ta isa kisa. Kaɗanya da ɗorawa na ƙasarmu suna da ɓawo mai kauri domin sun saba da gobarar rani. Bishiyoyin kurmi ɓawonsu siriri ne, zafi kaɗan ke dafa su. Waɗanda suka mutu sukan zama makamashin wuta ta biyu, wadda ta fi ta farko muni. A gabashin Amazon an bi sawun irin wannan gobara har kilomita 2 zuwa 3 daga baki.

Akwai masu cewa an cika zuzuta lamarin, domin bakin daji kore shar yake, har ya fi ƙurya duhuwar ganye, kuma sababbin bishiyoyi na girma da sauri suna zuƙar kabon. Maganar na da tushe. A dazuzzukan arewa maso gabashin Amurka an auna an ga bishiyoyin baki sun fi na ciki saurin girma saboda ƙarin haske, kuma ko a Amazon bakin daji kan toshe kansa da sabon toho bayan 'yan shekaru, zafi da bushewar su ragu. Sai dai dazuzzukan ƙasashen sanyi nau'o'insu kaɗan ne, kuma sun saba da sauyin yanayi mai tsanani, don haka darasinsu ba ya hawa kan kurmin da bai san rani mai zafi ba. Toshewar baki kuma tana rage rana ne, ba ta hana guguwa karya dogayen bishiyoyi. Game da kabon, wani nazari na dazuzzukan duniya a 2018 ya nuna cewa kashi 1 cikin 100 na bishiyoyi mafiya girma su ke riƙe da kusan rabin nauyin itacen daji. Tarin sekropiya masu rami a ciki ba za su cike gurbin ƙatuwar bishiya mai tauri ba, kuma ba za su ciyar da tsuntsaye da birai da ƙwarin da suka dogara da ita ba. Koren da ake gani daga sama shi ne ma ke ɓoye asarar.

Ƙalubale na biyu ya fi nauyi, domin daga cikin masana ya fito. Lenore Fahrig ta Jami'ar Carleton a Kanada ta tattara bincike masu yawa a 2017, ta ce idan yawan dajin da ya rage ɗaya ne, rarrabuwarsa zuwa ƙananan gunduwoyi sau da yawa ba ta rage yawan nau'o'in halittu, wani lokaci ma ƙara su take yi. Abin da take tsoro shi ne a ɗauki ƙananan dazuzzuka a matsayin marasa amfani a bar su ga masu sara. Wannan tsoro daidai ne, kuma wajibi ne a ɗauke shi da gaske. A wurin da kurmi ya riga ya ƙare, ƙaramar gunduwa ita ce rumbun iri na ƙarshe, ita ce matattakalar tsuntsu daga wannan daji zuwa wancan, ita ce ke tsare idon ruwan ƙauye. Da babu gara ba daɗi. Amma ƙidayar nau'o'i kaɗai na iya ruɗarwa, domin adadi kan ƙaru idan masu son fili suka shigo alhali 'yan asalin ƙurya na fita. Bishiya kuma tana da tsawon rai: tsohuwar da ke tsaye a gunduwa za a ƙidaya ta yau, ko da ta daina samun magaji shekaru da dama. Maganganun biyu ba sa karo. A kare ƙananan da suka rage, a kuma hana a mayar da manyan su zama ƙanana.

Ƙalubale na uku shi ne na talaka da mai mulki: mutane na buƙatar gona da kiwo da hanyar kai amfani kasuwa, kuma ba za a ce su zauna da yunwa don bishiya ba. Gaskiya ne, kuma ilimin bakin daji bai ce a daina noma ba. Abin da yake cewa shi ne a zaɓi inda za a sara da yadda za a sara. Hekta 500 da aka buɗe a dunƙule a gefen da aka riga aka taɓa ba ta yi ɓarnar hekta 500 da aka warwatsa a tsakiyar kurmi ba. Hanya ta fi kome buƙatar tunani, domin wani nazari na 2014 ya nuna kusan kashi 95 cikin 100 na saran Amazon na Burazil ya auku ne a cikin kilomita 5.5 daga hanya ko kilomita 1 daga kogin da jirgi ke bi. Najeriya ta ɗanɗana wannan muhawara lokacin da Jihar Kuros Riba ta fito da shirin babbar hanya mai tsawon kusan kilomita 260 a 2015, daga baya kuma ta ayyana karɓe filin kilomita 10 ta kowane gefenta, a yankin da ke ɗauke da mafi yawan kurmin da ya rage wa ƙasar. Bayan koken al'ummomin yankin da masu kare muhalli, an janye batun karɓe filin a 2017. Karkatar da hanya ta zagaye daji na iya ƙara kuɗin kwangila, amma kuɗin sananne ne, ana biyansa sau ɗaya. Asarar ƙuryar kurmi kuwa ba ta da ranar ƙarewa.

Abin ƙarfafa gwiwa shi ne gwajin Manawus ya nuna magani ma. Da wasu gonakin kiwon suka durƙushe, sabon daji ya tsiro a kewayen gunduwoyi, sai mutuwar bishiyoyin baki ta ragu idan aka kwatanta da inda ciyawa ce ke kewaye, tsuntsayen da ke bin rundunar kwarkwasa suna cin ƙwarin da ta tasa, waɗanda suka ɓace tun farko, suka fara dawowa. Ke nan abin da ke wajen daji yana da hannu a lafiyar cikinsa. Zoben sabon toho, ko gonar koko da kofi a ƙarƙashin inuwar bishiyoyi, ya fi fili tsirara zama maƙwabcin kurmi. A gandun Ngel Nyaki da ke tsaunin Mambila a Jihar Taraba, inda guntayen kurmin tsauni ke maƙale a kwazazzabai da bakin rafuka a tsakiyar ciyawar kiwo, masu bincike tare da mutanen ƙauyukan kusa suna killace bakin daji daga shanu, suna share layin tare wuta, suna dasa bishiyoyin asalin wurin. Aiki ne mai jinkiri, kuma ba zai ɗore ba sai makiyayi da manomi sun ga ribarsu a ciki, ko ta ruwan da ba ya ƙafewa da rani, ko ta aikin yi.

Saboda haka idan hukuma ko kamfani ya zo da alƙawarin cewa zai bar kashi kaza na daji, akwai tambayoyin da ya kamata sarakuna da 'yan majalisa da 'yan jarida su yi kafin a sa hannu. A dunƙule za a bar shi ko a warwatse? Mita nawa ne daga baki zuwa tsakiyarsa? Me za a shuka a kewayensa, kuma wa zai tsare shi daga wuta da rani? Akwai zirin bishiyoyi da zai haɗa shi da daji na gaba? Hotunan tauraron ɗan'adam da ake ƙidayar hekta da su sun isa a amsa yawancin waɗannan tambayoyi, don haka ba a rasa kayan aiki ba. Abin da ya rage shi ne a shigar da faɗin ƙuryar daji cikin rahoton tantance illar ayyuka ga muhalli da kuma dokokin gandun daji, a riƙa ba da izinin hanya da gona bisa wannan awo.